Yadda Ake Tafiyar da Rayuwa a Mota Mai Ɗaki, Daga Ingila Zuwa Fas

Mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a cikinta, abubuwa huɗu ne ke juya ranar mai ita: ruwa, masai, gas ɗin girki da batir. Wanda ya iya lissafinsu zai ji daɗin tafiya. Wanda bai iya ba, ko a gindin fadar Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi a Sifaniya, ya kwana, da ɓacin rai zai wayi gari. Ni da Hajiya a Ingila muke zaune, kuma idan sanyi ya kawo jiki mukan tsallaka Faransa, mu gangara Sifaniya, wani lokaci mu haye ruwa zuwa Maroko. Motarmu Fiat Ducato ce da aka gina wa ɗaki, tsawonta mita shida, tsayinta bai kai mita uku ba. Abin da zan faɗa a nan na wannan hanya ne, kuma na mutumin da ke salla, yake tsarki da ruwa, yake son tuwo ko a ina ya sami kansa.

Nauyi da takardu

Lasin tuƙi na yau da kullum, a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, iyakarsa mota mai nauyin kilo 3,500 da duk abin da ke cikinta. Yawancin motocin an ƙera su ne dab da wannan iyaka, don haka abin da ya rage maka na kaya bai da yawa, a wasu motocin bai wuce kilo ɗari huɗu ba. A ciki za ka cire nauyin iyali, da na ruwa, da tukwanen gas, da buhun shinkafar da uwargida ta ce ba za ta tafi babu shi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan harka kada ka yarda da ido. Ka loda motar kamar yadda za ku tafi, kowa ya shiga, ka kai ta sikelin auna manyan motoci. Idan ta zarce, akwai tara, kuma kamfanin inshora na iya zame maka ranar da kake buƙatarsa.

Ka riƙe ainihin takardar mallakar mota, ba kwafi ba, da ta inshora, da shaidar gwajin lafiyar mota. Motar Birtaniya tana buƙatar tambarin UK a baya. Biranen Faransa da dama suna neman sitikar nuna yawan hayaƙin mota mai suna Crit'Air a gilashin gaba, ta intanet ake saye, kuma sai an jira ta a gidan waya, saboda haka a yi da wuri. Jamus ma tana da tata koriya.

Mai fasfon Birtaniya kwana 90 yake da su cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai koren fasfonmu kuwa, izinin zama a Ingila ba ya shigar da shi Faransa, sai ya nemi biza. Idan akwai Maroko a cikin shirin, bizar Shengen ɗin ta zama mai shiga da fita sau da yawa, domin ta Sifaniya za ka dawo. Wanda ya fita da biza mai shiga sau ɗaya, to shi da motarsa sun maƙale a Tanja.

Ruwa

Tankinmu lita ɗari yake ɗauka, wato jarka huɗu irin ta 'yan ga-ruwa. A kansa za a yi alwala, a wanke kwanuka, a yi wanka, a ɗora shayi. Mutum biyu masu tattali zai kai su kwana uku. In aka saki famfo yadda ake yi a gida, kafin la'asar ɗin gobe an ji famfon yana tari.

Alwala da buta ake yi, ba a bakin famfo ba. Ka cika buta, ka san abin da ka kashe. Wanka kuma jiƙa jiki ne, a kashe ruwa, a shafa sabulu, a ɗauraye. Tukunyar ruwan zafi ta Truma da ke cikin yawancin motocin lita goma ce kacal, wanda ya tsaya waƙa a banɗaki da ruwan sanyi zai ƙarasa, na bayansa kuma ya jira ta sake zafi. Kwanukan da suka yi maiƙo a fara goge su da takarda kafin a kai su wurin wanki. Ruwa ya ragu, kuma tankin ruwan wanke-wanke da ke ƙarƙashin mota ba zai yi saurin ɗoyi ba.

A Faransa kusan kowane gari yana da wurin da aka keɓe wa irin waɗannan motoci, za ka ga allo mai hoton mota da rubutun aire de camping-car. A nan akwai wata 'yar na'ura a tsaye mai famfo biyu da ramin zubar da ƙazanta. Wasu kyauta ne, wasu yuro biyu ko uku, da kati ko da wata kwandala ta musamman da ake saye a gidan burodi ko ofishin masu yawon buɗe ido na garin. Famfo biyun nan a kula da su. Ɗaya na ruwan sha ne, ɗaya na ɗauraye akwatin masai. Sau da yawa na ga mutum ya cusa bakin akwatinsa a famfon ruwan sha, ko don rashin sani ko don ganganci. Saboda haka kafin in ɗaura tiyo sai na goge bakin famfon da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in bar ruwan ya zuba kaɗan. Tiyon ma nawa ne, ba na amfani da wanda na tarar a rataye. Ka sayi kawunan famfo masu girma dabam-dabam, ka kuma ajiye butar ban ruwan fulawa mai lita goma, don wata rana famfon yana inda mota ba za ta kai ba.

Da hunturu garuruwan Faransa da yawa sukan kashe waɗannan famfuna don kada bututu ya fashe. Daga Nuwamba zuwa Maris, duk inda ka ga ruwa na zuwa ka cika, kada ka ce sai gaba. Akwai kuma wani abin da ke ruɗa sabon shiga: tukunyar Truma tana da wata kafa da ke buɗe kanta idan sanyi ya kai kusan digiri uku, ta zubar da ruwanta ƙasa don kada ya daskare ya fasa ta. Ka tashi da asuba ka ga ƙarƙashin mota ya jiƙe, ka ɗauka yoyo ne. Ba yoyo ba ne. Ka kunna hita ɗakin ya yi ɗumi, sannan ka mayar da maɓallin.

Masai

Wannan shi ne abin da masu ɗora hotunan bakin teku ba sa nunawa, kuma shi ne ya fi shafar mu. Ƙarƙashin kujerar banɗaki akwai akwatin roba, mafi yawa na kamfanin Thetford, da ke ɗaukar lita goma sha bakwai zuwa sha tara. Bature mai amfani da takarda zai ce maka yana kwana uku ko huɗu bai zubar ba. Kada ka yi lissafi da nasa. Mu da muke tsarki da ruwa, kwana biyu ya cika, in da yara kullum ne. Shi ya sa duk inda za mu kwana, tambayata ta farko ita ce ko akwai wurin zubarwa. Da rana kuma, in muka tsaya a babban kanti ko gidan mai, mukan yi amfani da nasu, da gorar ruwa a jaka. Masu iyali da yawa gara su sayi akwati na biyu.

Yadda ake zubarwa: ka tabbata sakatar da ke rufe ramin daga ciki a rufe take, in ba haka ba akwatin ba zai fito ba, in ka ja da ƙarfi kuma ka karya wani abu mai tsada. Ka sa safar hannu, ka buɗe 'yar ƙofar da ke jikin mota daga waje, ka ɗaga maƙalin ka zaro. Cikakke yana kusan kilo ashirin, sababbin suna da taya da hannun ja. A bakin ramin ka juya hancinsa waje, ka kwance murfin, ka ajiye murfin nesa da ramin, domin in ya faɗa ya tafi ke nan. Ka karkata shi, sai hancin ya kalli ƙasa sannan ka danna maɓallin iska da babban yatsa. Shi ke sa abin ya zuba sumul ba tare da fantsama ba. Wanda ya danna tun akwatin na kwance, ta wurin maɓallin zai fito masa a hannu. Ka zuba ruwa, ka girgiza a hankali, ka zubar, ka maimaita har ruwan ya fito fari. Sai a zuba maganin da ke narkar da ƙazanta da ruwa kamar lita biyu. Akwai shuɗi akwai kore. Koren na fi saye, don wasu wuraren ba sa karɓar shuɗin.

Idan kuka hau dutse, kamar tsallaka Firenis tsakanin Faransa da Sifaniya, iska takan taru a cikin akwatin. Kafin kowa ya yi amfani da banɗaki, a rufe marfin kujerar, sannan a buɗe sakatar a hankali iskar ta fita. Ba sai na yi bayanin abin da ke samun wanda ya leƙa ba.

Ba a zubar da akwati a kwata ko a daji. Masu yin haka su ne ke sa garuruwa suna kafa shinge suna korar kowa.

Gas da wuta

Tukunyar gas ta Calor da ka fito da ita daga Ingila ba wanda zai musanya maka ita a Faransa, ta Faransa kuma ba ta aiki a Sifaniya, inda kamfanoni irin su Repsol ke da nasu. Kowace ƙasa da irin bakinta. Mafita ita ce a sa wa mota tukunyar da ake cikawa a gidan mai, irin su Gaslow, wadda ke tsayawa da kanta idan ta kai kashi tamanin cikin ɗari. Sai ka sayi kawuna uku na tagulla: ɗaya na Faransa da Italiya, ɗaya na Jamus da Beljiyam, ɗaya na Sifaniya. Da zafi, girki da firiji kawai, tukunya ɗaya sai ta yi makonni. Da tsananin sanyi, hita na aiki dare da rana, mai kilo goma sha ɗaya na iya ƙarewa cikin kwana uku ko huɗu. Kuma gas iri biyu ne. Butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa, furofan kuwa yana aiki ko ƙanƙara na zuba. A jirgin ruwa da jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, dole a rufe gas, kuma suna dubawa.

Na'urar da ke ƙara idan gurɓatacciyar iskar nan marar wari mai kisa, wato carbon monoxide, ta taru a ɗaki, wannan ba abin ciniki ba ce. A saye ta, a gwada batirinta. Kada a kunna murhun girki don jin ɗumi, kada a toshe kafofin shan iska da tsumma wai don sanyi na shigowa.

Batirin ɗaki daban yake da na injin. Shi ke ba da fitila da famfon ruwa da cajin waya da fankar hita. Tuƙi na cika shi, farantin sola na rufi ma haka, sai dai a Disamba a arewacin Faransa sola ba ta tsinana abin kirki. A wurin kwana na kuɗi za a ba ka wuta, amma da ma'auni. Wani wurin amfiya goma sha shida, wani goma, wani shida. Amfiya shida wajen wat 1,380 ke nan. Butar shayi ta gida tana jan wat dubu biyu zuwa uku, kana kunna ta wuta ta ɗauke, wani lokaci har da ta maƙwabcinka, kuma akwatin maɓallin yana kulle a hannun mai wurin da ya tafi barci. Ka sayi 'yar ƙarama mai jan ƙasa da wat dubu, ko ka ɗora a gas. Wayar wutar kuma a warware ta duka, in aka bar ta a naɗe tana zafi.

Wurin kwana

Ka isa inda za ka kwana tun kafin la'asar ta yi sanyi. Da rani wuraren bakin teku tun azahar suke cika. Neman masauki cikin duhu, a ƙauyen da titinsa bai fi faɗin motarka ba, shi ke haddasa rabin faɗan miji da mata a wannan tafiya. Manhajar Park4Night da Campercontact suna nuna wurare, amma ka karanta abin da mutanen baya-bayan nan suka rubuta, ba na shekara uku da suka wuce ba. Kullum ina riƙe da wuri na biyu a kusa.

Akwai tsarin France Passion, inda manoma ke barin ka kwana ɗaya a gonarsu kyauta idan kana da littafin shekarar. Da yawansu masu gonar inabi ne da ke sayar da giya, kuma kunya ce ka kwana a gidan mutum ka tafi ba ka sayi komai ba, don haka mu masu zuma da cuku da man zaitun muke zaɓa. Katin ACSI yana rage kuɗin manyan wuraren kwana a lokacin da ba cunkoso. Mukan shiga irinsu jefi-jefi don wanka mai tsawo da wankin kaya. A Faransa ma manyan kantuna da yawa suna da injin wanki a filin ajiye motocinsu, ka zuba kaya, ka shiga cefane.

A Sifaniya doka ta bambanta ajiye mota da kafa zango. In taya huɗu na ƙasa, babu abin da ya fito daga jikin motar, ajiyewa ka yi ko da kana barci a ciki, sai dai in garin ya kafa tasa dokar. Da ka fito da kujera, ko ka buɗe rumfa, ko ka shimfiɗa tabarma, ka kafa zango, kuma ɗan sanda na da hujjar rubuta maka tara.

Ba na kwana a wuraren hutawa na manyan hanyoyi, musamman AP-7 a kewayen Basalona. Ɓarayin wurin sun san aikinsu. Idan wata mota ta jera da kai ana nuna maka taya wai ta sace, kada ka tsaya sai a gidan mai inda mutane suke. In mun yi masauki, hancin mota yana kallon mafita, kujerar direba babu kaya a kai, makulli yana wuri ɗaya kullum. Muna kuma da wata ƙa'ida tsakaninmu. Idan Hajiya ta leƙa ta taga ta ce, "Malam, wurin nan bai kwanta min ba," ba na tambayar dalili. "To Hajiya, mu ƙara gaba." Ni ma in na faɗa haka take yi.

Daidaita mota ya fi yadda ake zato muhimmanci. Firijin da ke aiki da gas ba ya sanyi sosai in motar ta karkace, ruwan wanka ya ƙi bin rariya, mai barci ya riƙa gangarowa kan ɗan'uwansa. Rabin kofin ruwa a kan tebur ya isa ya nuna maka gefen da ya yi ƙasa, sai ka hau da tayar kan 'yan tudun roba da ake sayarwa don haka.

Yawancin waɗanda za ka tarar tsofaffin Turawa ne da suka yi ritaya, Jamusawa da 'yan Holan da Faransawa. Baƙar fata da mace mai hijabi ba su cika ganinsu a wannan harka ba, za a kalle ku. Ni dai nakan riga su gaisuwa. Mafi yawa daga nan sai hira, wani ma ya zo da kawunan famfonsa yana nuna maka wanda ya dace. Ka bar tazara tsakaninka da maƙwabci, kuma da asuba a ja ƙofa a hankali, domin ƙarar ƙofar Ducato tana tashin unguwa guda.

Girki

Tun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara da abin da aka yi da su daga Birtaniya. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun shiga ciki, a cinye su kafin Dover, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Faransa. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa da garin kunu su ne guzurinmu, a cikin robobi masu murfi, don kwalba tana fashewa kuma tana da nauyi. Garin semo kuwa ba sai ka ɗauko ba, duk kantin Faransa akwai semoule mai laushi, tuwonsa ba laifi.

Naman halal ba wuya a garuruwan Faransa, saboda yawan 'yan Aljeriya da Maroko. A kudancin Sifaniya ma haka, a Jamus kuma kantunan Turkawa. Firiji ƙarami ne, cefanen kwana biyu ko uku ake yi. A riƙa duba jikin kaya don sunayen alade da kitsensa: porc da lardons da saindoux a Faransa, cerdo da manteca a Sifaniya, inda ake sa kitsen alade har cikin kayan zaƙi da biskit. A tuna cewa kantunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi, ƙananan shagunan Faransa da Sifaniya kuma suna rufewa da tsakar rana.

Tukunya mai dafa abu da tururi ita ce babbar kadarar kicin ɗin Hajiya. Wake da ganda da za su cinye gas na awa biyu, cikin ɗan lokaci sun nuna. Duk lokacin da aka ɗora tukunya a buɗe tagar rufi, ko ana sanyi, in ba haka ba tururin zai kwanta a gilashi da bango, ya gangara bayan katifa, fumfuna ta biyo baya. Suyar kifi da miyar daddawa kuwa, inda aka yarda a yi girki a waje, a yi su a waje. Gadon yana taku biyu ne daga murhu, kuma bargo ba ya mantuwa.

Salla

Wanda ya yi karatun Risala ya san hukuncin: tafiyar mil 48 ana ƙasaru, in kuma mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ya cika. A irin wannan yawo yau kana nan gobe kana can, don haka yawanci ƙasaru ne, sai in mun sami wurin da muka ce za mu yi mako.

Tsakiyar motar siririn lungu ne mai ɗaukar darduma ɗaya, kuma mutum na iya miƙewa tsaye. Matsalar ita ce lungun ba ya juyawa. Saboda haka tun wajen ajiye mota nake duba alƙibla, in wurin ya ba da dama in daidaita tsawon motar da ita. Daga Faransa kudu maso gabas take, kana gangarowa kudu tana komawa gabas, a Maroko kusan gabas sak. Ka fito waje kafin ka duba a waya, ƙarfen mota yana ruɗa ta. Ɗaya ya yi, ɗaya ya jira. Inda babu idon jama'a kuma ƙasa a bushe take, mukan yi jam'i a gefen mota.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma nakan shirya hanya ta yadda za ta same mu kusa da gari. A Garnaɗa, a kudancin Sifaniya, akwai masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhamra. Kada ka yi gigin shiga unguwar da mota, lungunanta ba na mota ba ne, ka bar ta a wajen gari ka hau bas. Tsohon masallacin Ƙurɗuba kuwa coci ne yanzu, ana shiga kallo da tikiti, ba a yarda a yi salla a ciki ba.

A kan hanya

Tuƙi a hannun dama ba baƙon abu ba ne ga wanda ya koyi mota a Kano. Wahalar ita ce sitiyarin motar Ingila yana dama, don haka a shingen biyan kuɗin hanya na'urar tana gefen uwargida, ita ce mai kati. Ƙofar ɗakin ma a motocin da aka gina a Ingila ta gefen titi take buɗewa, a kula da yara. A manyan hanyoyin Faransa mota mai ɗaki da tsayinta bai kai mita uku ba aji na biyu ce wajen biyan kuɗin hanya. Wani lokaci na'urar takan ga kayan rufi ta sa ka a aji na uku, ka danna maɓallin magana ka ce camping-car, za su gyara. Ka rubuta tsayi da faɗin motar ka manna kusa da sitiyari. Dizal ya fi araha a gidajen man manyan kantuna. Kilomita ɗari biyu zuwa ɗari uku a rana ya isa. Lambar neman agaji a duk Tarayyar Turai 112 ce.

Kafin a tashi kowace safiya akwai zagaye: tagar rufi, sakatar firiji, ƙofofin kabad, wayar wuta, matakalar ƙofa, tudun roba, gas. Ina ɗaura wani jan ƙyalle a sitiyari idan mun sauka, ba na kwance shi sai na gama zagayen.

Maroko

Daga Algeciras, a kudancin Sifaniya, jirgin ruwa yana kai wa tashar Tanger Med cikin kamar awa ɗaya da rabi. A cikin jirgin ake buga hatimin fasfo, ka shiga layi da wuri. Kwastan za su ba motar izinin shiga na wucin gadi, wata shida, da 'yar takarda da za ka adana kamar fasfo, don sai da ita za ka fita. Idan inshorarka ba ta haɗa da Maroko ba, akwai rumfar sayarwa a cikin tashar. An hana shiga da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, kuma suna tambaya. Ka cika gas tun a Sifaniya, gidajen man Maroko ba sa sayar da irin wanda ake ɗurawa. A shingen 'yan sanda ka rage gudu ƙwarai, ka tsaya, sai an ɗaga maka hannu. Ba na tuƙin dare a can saboda amalanke da masu tafiya a ƙasa.

Rayuwa tana sauƙi a nan. Nama duk halal, kiran salla yana iske ka har gado, burodi mai zafi dirhami ɗaya ko biyu. Garuruwa da yawa suna da filin ajiye motoci mai maigadi, ka ba shi 'yan dirhami ya kwana yana duba maka. Ku yi ciniki tun da fari. Ruwan sha dai na gora muke saye, na tanki na wanka da wanke-wanke.

Mai niyyar ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas ya sani cewa tana cikin tsohon gari ne, inda mota ba ta shiga ko kaɗan, sai ƙafa da alfadari. Ka sauka a wurin kwana na wajen gari, ka ɗauki ƙaramar tasi ja zuwa ɗaya daga ƙofofin ganuwa, ka ƙarasa da ƙafa. Ranar Juma'a bayan la'asar wurin yana cika da masu zikiri, kuma da wuya ka fito ba ka ji ana Hausa ba.

Dawowa

A Tanger Med za a sa motar a na'urar leƙa ciki, kuma layin yana da tsawo, ka je da wuri. Idan ka kusa Calais kada ka kwana dab da tashar, kuma kafin ka shiga ka duba ƙarƙashin mota da ma'ajiyar baya da wurin rataya keke. Masu neman tsallakawa Ingila sukan ɓuya, kuma tarar da ake yi wa direba tana iya kai fam 10,000 a kan kowane mutum ɗaya. A Afrilun 2025 Birtaniya ma ta hana shigo da nama da cuku daga Tarayyar Turai, don haka a duba dokar kafin a cika firiji da tsaraba.

Idan kun iso gida, ka zubar da ruwan tankuna duka har da na tukunyar zafi, ka bar famfuna a buɗe, ka wanke akwatin masai ka shafa wa robar bakinsa man silikon, ka kwashe duk abin ci saboda ɓera, ka ɗaga katifu su sha iska, ka bar ƙofar firiji a ɗan buɗe.